Matakan Sauya Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Linux Mint a Gadarif, da Gyaran Intanet Idan Ya Ƙi

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin shekara guda. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka sallame ta, Chrome ma ya tsaya mata a lamba 109. Windows 11 tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta mai guntun tsaro TPM 2.0, kuma in Intel ce, firosesarta ta kasance ƙarni na 8 ko sama. Da yawa daga kwamfutocin da ke shagunan buga takardu a kasuwar Gadarif, da ofisoshin dillalan riɗi da dawa, da jakunkunan ɗaliban Jami'ar Gadarif, sun girmi wannan sharaɗi, alhali lafiyarsu ƙalau. A halin yaƙin da Sudan ke ciki tun Afrilun 2023, ba kowa ne zai iya sayen sabuwa ba.

Linux Mint babbar manhaja ce kyauta, fuskarta ta yi kusa da ta Windows 7, kuma jerin lamba 22 yana samun gyaran tsaro har 2029. Abin da ke mayar da mutane kan Windows bayan kwana biyu kusan kullum guda uku ne: Wi-Fi ya ƙi, firinta ta ƙi, ko takardar Larabci ta wargaje. Duka ukun ana iya ganinsu tun kafin a taɓa rumbun ajiyar kwamfutar, shi ya sa mataki na 9 ya fi kowanne muhimmanci a nan. Na rubuta sunayen maɓallai yadda suke fitowa a fuskar Turanci. Bar Mint a Turanci har ka gama saiti, daga baya ka mayar da ita Larabci in ka fi so.

Tanadi filashi mai gigabait 8 wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa, da wani filashin ko rumbun waje don ajiyar kayanka. Tanadi wayar Android da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, da layuka biyu na kamfanoni daban-daban, da data kamar gigabait 5, da takarda da biro.

Kafin ka taɓa komai

1. Rubuta ayyukan da kwamfutar ke yi maka, ɗaya bayan ɗaya. Rubutu, lissafin Excel, WhatsApp a burauza, karatu, kallon bidiyo, duk Mint za ta yi. Photoshop, CorelDRAW, AutoCAD, da manhajojin lissafin shago da aka gina a kan Access ba sa aiki a kanta yadda ya kamata. In cin abincinka a kan ɗayan waɗannan yake, kada ka goge Windows. Ajiye su biyun gefe da gefe, kamar yadda za mu yi a mataki na 10. Manhajar banki ta Bankak dai a wayarka take, wannan sauyi bai shafe ta ba.

2. Duba ƙarfin kwamfutar. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta msinfo32, danna Enter. Nemi System Type: dole ka ga x64, ko ka tabbatar firosesar mai 64-bit ce, domin Mint ta daina fitar da ta 32-bit tun 2020. RAM ya kai gigabait 2 aƙalla, 4 ya fi daɗin aiki. In ka ga layin BIOS Mode, rubuta abin da ke gabansa a takardarka, UEFI ko Legacy.

3. Kwashe kayanka zuwa rumbun waje: takardu, hotuna, littafin bashi, da lambobin sirrin da burauza ta riƙe maka. Bayan ka kwafa, buɗe fayil biyu ko uku daga can ka ga sun buɗu. Sannan cire rumbun ka ajiye shi nesa da teburin aiki.

4. Shiga linuxmint.com ka sauko da nau'in Xfce, wanda ya fi sauƙi ga tsohuwar kwamfuta. Girmansa ya kusan gigabait 3. Fara da tsakar dare ko bayan asuba, lokacin da layi bai cunkushe ba, batir kuma a cike. In wani a unguwarku ya riga ya sauko da shi, kwafa daga gare shi ka tsira da datarka.

5. Tabbatar fayil ɗin bai gutsure a hanya ba. Layin da ke yankewa yakan bar fayil da ya yi kama da cikakke, sai tsakiyar aiki ya tsaya. Buɗe Command Prompt a cikin jakar da fayil ɗin yake, rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256. Gwada dogon jerin haruffan da ya fito da wanda ke cikin sha256sum.txt a shafin Mint. Ko harafi ɗaya ya bambanta, sake saukowa.

6. Zuba fayil ɗin a filashi da manhajar Rufus. Mai Windows 7 ya nemi Rufus 3.22, don na bayansa ba sa tashi a kanta. Zaɓi filashin, zaɓi fayil ɗin, bar sauran saiti yadda suke, danna Start. Duba sunan filashin sau biyu, domin duk abin da ke ciki zai tafi.

7. A Windows 10, kashe Fast Startup. Shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, sannan Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup. In an bar shi, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai ta riƙe rumbun ajiya, wani lokaci har da katin Wi-Fi, Mint ta tarar da su a kulle. In BitLocker yana kunne, rubuta lambar ceto mai lamba 48 a takarda kafin ka wuce nan.

Gwaji, sannan girkawa

8. Kashe kwamfutar, soka filashin, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen farawa tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. HP F9 ne, Dell da Lenovo da Toshiba F12, laftof ɗin Asus kuma Esc. In sunan filashin ya fito sau biyu, zaɓi wanda ya dace da abin da ka rubuta a mataki na 2: mai UEFI a gabansa in Windows ɗinka UEFI ce, maras shi in Legacy ce. Zaɓi Start Linux Mint. In allo ya tsaya baƙi, sake kunnawa ka zaɓi layin compatibility mode.

9. Yanzu Mint tana gudana daga filashi, ba ta taɓa Windows ba. Kada ka danna Install tukuna. Ba wannan gwaji awa guda cur. Danna alamar netwok a ƙasan allo ta dama, ka ga ko sunayen Wi-Fi na kusa sun fito. Haɗa da naka, buɗe Firefox, buɗe shafi biyu, kunna bidiyo ka ji sauti. Soka modem ɗinka in da shi kake aiki. Haɗa firintar ka buga shafi guda, in mai sikana ce ka gwada sikana ɗin ma. Sannan ɗauko takardar Word mafi wuya da kake da ita, irin mai tebur da Larabci da Turanci a haɗe, da tambarin ofis a sama, ka buɗe ta ka dube ta layi-layi. Buɗe fayil ɗin Excel na lissafin buhuna ko na kuɗin makaranta ka ga ko jimillar ta fito daidai. Rubuta duk abin da ya ƙi. Jinkirin da za ka gani daga filashin ne, zai ragu bayan girkawa. Wi-Fi da ya ƙi a nan galibi yana da magani a matakai na 15 da 16. Amma in firintar da shagonka ya dogara da ita ce ta ƙi, karanta mataki na 27 kafin ka yanke shawara, kuma ni a ganina gara ka dakata da ka shiga kasuwa gobe ba ka iya buga takarda.

10. In gwaji ya gamsar da kai, haɗa caja, ka tabbatar batir ya cika. Mai kwamfutar tebur ya jira sai yana kan sola ko UPS. Wutar Gadarif ba abin dogaro ba ce, an ma ga yadda harin da aka kai tashar Shawak a Janairun 2025 ya jefa jihar cikin duhu, kuma ɗaukewar wuta lokacin da ake raba rumbu na iya cinye Windows da Mint a tare. Danna Install Linux Mint. Da ka iso shafin Installation type, zaɓi layin da ke cewa alongside Windows. Layin Erase disk yana share komai, kada ka kusance shi. Ja sandar tsakiya ka ba Mint gigabait 40 ko fiye. In layin alongside bai fito ba, ko aka nuna maka gargaɗin Intel RST, tsaya nan ka kai wa mai gyara. Tsofaffin HP da yawa sun zo da rumbu a rabe gida huɗu, kuma sauya RST da ka yakan hana Windows tashi.

11. A taswira zaɓi Khartoum. Bar allon rubutu a English US a yanzu. Zaɓi lambar sirri da haruffan boko da lambobi, ka rubuta ta a takarda, don za a riƙa tambayarka ita duk lokacin da za ka girka wani abu. Aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 30. In ya gama, danna Restart, cire filashin sa'ad da aka ce ka cire, danna Enter. Daga yanzu duk kunnawa za ka ga jerin zaɓi, Mint a sama, Windows a ƙasa. Adana filashin, akwai sauran aikinsa.

12. Haɗin farko yi shi da igiya. Soka wayarka a kwamfutar, buɗe data, shiga saitin hotspot na wayar ka kunna USB tethering. Mint za ta ɗauke shi kamar wayar intanet ta ofis, ba ta neman komai. In maɓallin ya ƙi kunnuwa a wayar, igiyar ta caji ce kawai, sauya wata. Wannan hanya ita ce madogararka duk ranar da Wi-Fi ya ba ka matsala.

13. Buɗe Update Manager, alamar garkuwa a ƙasan allo. In ya ba ka shawarar komawa reshe mafi kusa, yarda, ka zaɓi wanda ya nuna gudu mafi yawa a jerin. Danna Install Updates. Zagayen farko yana cin ɗaruruwan megabait, bayansa kaɗan-kaɗan ne, kuma Mint ba ta sauko da gyara da kanta sai ka danna, abin da mai sayen data da awo zai yaba. Sake kunna kwamfutar, buɗe Driver Manager, ka karɓi duk direban da aka rubuta recommended a gabansa.

Idan intanet ya ƙi

Bi waɗannan a jere, kada ka tsallake. Mafi yawan ɓata lokaci yana zuwa ne daga gyaran abin da bai lalace ba.

14. Fara da layin kansa. Ɗauki wayarka, kashe Wi-Fi ɗinta, buɗe shafi da datar layin. In bai buɗu ba, duba ko datar ta ƙare, sannan gwada ɗaya layin. Mutanen Gadarif ba su manta Fabrairun 2024 ba, lokacin da Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a tare. Ko ba irin wannan ba, turken unguwa yakan mutu in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, kuma tun da baƙi suka ƙaru a gari bayan yaƙi ya isa Wad Madani a Disamban 2023, layi yakan yi nauyi da yamma. In waya ba ta samu ba, kwamfuta ba za ta samu ba. Rufe ta ka jira.

15. In waya tana samu amma kwamfuta ba ta nuna sunan Wi-Fi ko ɗaya, duba ko a kashe yake. Danna Ctrl da Alt da T tare, baƙar taga za ta buɗe, ita ce Terminal. Rubuta rfkill list, danna Enter. In ka ga Soft blocked: yes, rubuta rfkill unblock all. In Hard blocked: yes ne, akwai makunni a jikin kwamfutar, ko a gefenta ko maɓalli mai hoton eriya da ake dannawa tare da Fn. A tsofaffin Dell da Toshiba makunnin gefe yakan zame a cikin jaka ba a sani ba.

16. In ba a kashe yake ba, gano wane kati ne a ciki. Rubuta inxi -N. Katin Intel da Atheros yawanci suna aiki da kansu. In ka ga Broadcom, direba ne babu. Haɗa ta igiyar waya kamar mataki na 12, buɗe Driver Manager, zaɓi direban Broadcom, danna Apply Changes, sake kunnawa. In babu data sam, soka filashin Mint ɗin nan, Driver Manager zai ɗauko direban daga cikinsa. Ya shiga amma har yanzu shiru? Shiga BIOS ka kashe Secure Boot, don yakan hana irin wannan direba tashi. Mai BitLocker ya riƙe takardar lambarsa a hannu kafin ya yi haka.

Akwai kuma katin Realtek RTL8723BE, wanda ya yawaita a ƙananan HP. Shi yana gani, sai dai sai ka manna kwamfutar da rauta. Eriya ɗaya aka saka masa, direban kuma yana saurare ta ɗaya ƙofar. Rubuta wannan a layi guda:

echo "options rtl8723be ant_sel=2" | sudo tee /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf

Za a nemi lambar sirrinka. Ba za ka ga komai yana fitowa ba yayin da kake rubuta ta, haka tsarin yake, rubuta ka danna Enter. Sake kunnawa. In bai ƙaru ba, maimaita ka sa 1 a madadin 2. In duk wannan ya gagara, sayi ƙaramin Wi-Fi na USB, amma tafi shagon da kwamfutarka ka gwada a gaban mai shago, domin kwali iri ɗaya yakan zo da kati daban a ciki.

17. Kwamfuta tana ganin Wi-Fi na maƙwabta, ba ta ganin naka. Sabuwar waya takan watsa hotspot a kan 5 GHz, tsohon kati kuma 2.4 GHz kaɗai yake ji. Shiga saitin hotspot ka mayar da shi 2.4. A nan kuma duba nau'in tsaro: in WPA3 ne, mayar da shi WPA2.

18. Tana gani, amma tana ta maimaita tambayar lambar sirri. Kafin ka zargi kowa, duba ko allon rubutu yana kan Larabci ko Caps Lock a kunne. Sa alama a Show password ka ga abin da kake rubutawa da idonka. In an taɓa sauya lambar rautar, danna alamar netwok da maɓallin dama, shiga Edit Connections, goge tsohon sunan, ka haɗa sabo.

19. Ta ce ta haɗu, shafi ba ya buɗuwa. A nan za ka bi hanyar daga ƙofar gida zuwa waje. Rubuta ip r. Nemi layin da ya fara da default via, lambar da ke biye ita ce adireshin rautarka, misali 192.168.8.1 ko 192.168.1.1. In babu wannan layi, rautar ba ta ba kwamfutar adireshi ba: kashe ta, ƙirga talatin, kunna. In akwai, rubuta ping -c 4 sai wannan lambar. Amsa ta dawo, to tsakaninka da rauta lafiya. Sai ka rubuta ping -c 4 8.8.8.8. In wannan ya ƙi, matsalar tana tsakanin rauta da kamfanin layi: data, sigina, ko saitin APN. Matsar da rautar kusa da taga, ko ka ɗaga ta sama.

20. In 8.8.8.8 ya amsa, gwada ping -c 4 google.com. Ƙin wannan na nufin DNS ne, wato sashen da ke mayar da sunan shafi lamba. Shiga Edit Connections, zaɓi haɗinka, danna alamar saiti, buɗe IPv4 Settings. A Method zaɓi layin da ya ƙare da addresses only. A DNS servers rubuta 8.8.8.8, 1.1.1.1 ka danna Save. Cire haɗin ka mayar.

21. Ping duka suna amsawa, amma burauza tana cewa shafin ba amintacce ba ne. Dubi agogo da kwanan wata. In shekarar ta koma baya duk lokacin da aka kashe kwamfuta, ƙaramin batirin cikin allon uwa ne ya mutu. A kwamfutar tebur CR2032 ne, kuma masu gyaran agogo suna sayarwa. In kuwa awa biyu ne ke ɓacewa duk sa'ad da ka fito daga Mint ka shiga Windows, dalilin shi ne kowacce da yadda take karanta agogon cikin na'ura. A Mint rubuta timedatectl set-local-rtc 1 --adjust-system-clock, sai su daidaita. Wani abu kuma: Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya ranar 1 ga Nuwamban 2017, tsohuwar Windows da ba a sabunta ba kuwa tana nan kan tsohon lokaci. In babu Khartoum a jerinta, zaɓi Harare, Pretoria. Kada ka zaɓi Alƙahira, don Masar tana sauya agogo da bazara.

22. Modem na USB iri biyu ne. Wasu, kamar Huawei E3372 mai HiLink, suna fitowa kamar haɗin waya, sai ka buɗe 192.168.8.1 a burauza ka ga sigina da saƙonni. Sauran suna fitowa a ƙarƙashin Mobile Broadband: danna, zaɓi Sudan, zaɓi kamfanin layinka. Ba shi minti guda bayan sokawa, don da farko yakan nuna kansa a matsayin faifai kafin ya juye modem. Manhajar da ke cikinsa ta Windows ce, ƙyale ta. Cire PIN na layin a waya tun kafin ka saka shi. In ya haɗu babu data, mayar da layin cikin waya, shiga Access Point Names, kwafi APN ɗin harafi-harafi, ka rubuta shi a saitin modem.

23. Wi-Fi yana aiki sai ya yanke, musamman in an cire caja. Tsimin batir ne ke sa katin barci. Rubuta xed admin:///etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf, ka mayar da lamba 3 da ke ƙarshen layi ta zama 2, ka adana, ka sake kunnawa. In yankewar da rana tsaka take zuwa a watan Afrilu ko Mayu, taɓa rautar ka ji. Zafin Gadarif yana wuce digiri 40, rauta ko wayar da ke hotspot tana caji a lokaci guda takan rage aiki don kanta. Ɗauke ta daga rana, cire mata riga.

24. Shafi ɗaya ne ya ƙi, yana nuna 403 ko yana cewa ba a yi wa ƙasarka hidima. Wannan ba daga kwamfutarka ba ne. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ta ɗage na cinikayya a Oktoban 2017, ta cire ta daga jerin masu tallafa wa ta'addanci a Disamban 2020, amma har yau akwai kamfanonin da ba su buɗe ƙofarsu ga adireshin Sudan ba. Abin da ciwo, ganin ɗalibi ne ya fi shan wahalarsa. Nemi manhajar a Software Manager tukuna, sau da yawa tana nan ko akwai mai yin aikinta. In ka koma ga VPN na kyauta, kada ka shiga asusun kuɗi ko imel ɗin aiki ta cikinsa.

Rubutu, takardu da firinta

25. Ƙara Larabci da Hausa. Shiga Settings, Keyboard, Layout, cire alamar Use system defaults, danna Add. Ƙara Arabic. Hausa tana ƙarƙashin English na Nijeriya, buɗe shi za ka gan ta. A Change layout option zaɓi Alt da Shift, yadda hannunka ya saba a Windows. Buɗe shafi fari ka danna maɓallai ɗaya-ɗaya har ka gano inda ƙ da ɗ da ɓ suke, ka rubuta a ɗan tef ka manna a gefen allo. Ƙara Keyboard Layouts a sandar ƙasa don ka riƙa ganin harshen da kake kai.

26. Buɗe LibreOffice Writer, shiga Tools, Options, Languages and Locales, General. Sa alama a Complex text layout ka zaɓi Arabic. Yanzu Ctrl da Shift da D suna mayar da rubutu dama zuwa hagu, Ctrl da Shift da A suna dawo da shi. A Load/Save, General, mayar da ajiyar rubutu ta zama docx, ta lissafi xlsx, don abokan hulɗarka su iya buɗewa. Wargajewar takardun ofis yawanci daga salon haruffa take: Simplified Arabic da Traditional Arabic na Microsoft ne, babu su a Mint, sai ta sa wani a gurbinsu layuka su zame. Rubuta sudo apt install fonts-hosny-amiri ka samu Amiri, mai kyan Naskh. Takardar da za ka kai ma'aikata, jami'a ko ƙungiyar agaji, fitar da ita PDF ta File, Export As, ita ba ta sauya kama a kowace na'ura. Fom ɗin da aka ce a cike a mayar da shi Word kuwa, in mai tebur da yawa ne, cike shi a ɓangaren Windows.

27. Soka firinta ka kunna ta, ka jira minti guda, sannan ka duba Printers. Sababbin HP da Epson da Brother da yawa suna fitowa da kansu. HP LaserJet 1020 da P1102 suna son ƙarin fayil: da intanet a haɗe, rubuta hp-plugin -i ka bi tambayoyin. Epson masu tankin tawada da suka ƙi, gwada sudo apt install printer-driver-escpr. Canon LBP2900, wadda shagunan buga takardu ke ƙauna saboda arhar tawadarta, tana da wuyar sha'ani a Linux, ko an girka direbanta takan tsaya. Mai ita ya bar bugu a ɓangaren Windows, ya cire wa Windows ɗin intanet, ya riƙa shiga yanar gizo ta Mint. Filashin kwastoma ma fara buɗe shi a Mint: ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi ba ta tashi a nan, kuma za ka ga takardun da ta ɓoye. Sai dai kwafar fayil mai cuta zuwa Windows yana kai cutar, don haka takardar da za a buga kaɗai za ka ɗauka.

28. Da komai ya zauna, buɗe Timeshift, zaɓi RSYNC, danna Create. Hoton tsarin ne a ranar da yake lafiya, in wani gyara ya ɓata Wi-Fi gobe sai ka danna Restore ka dawo nan. Ba ya adana takardunka, su ci gaba da kwafarsu a rumbun waje duk mako. Sa shi ya riƙe hoto biyu kacal in rumbunka ƙarami ne. Yi wata guda kana aiki a Mint, kana rubuta a takarda duk abin da ya tilasta maka komawa Windows. Mai harkar amfanin gona ya bari sai kakar riɗi ta wuce, ɗalibi kuma sai bayan jarrabawa, kafin ya duba takardar. In babu komai a kanta, sake kwashe kayanka kamar mataki na 3, tashi daga filashin, wannan karon ka zaɓi Erase disk. In akwai ko abu ɗaya, bar su biyun yadda suke.